Na goge Elden Ring saboda wahala, ko in sake saukewa?

Tambayar da ɗan uwanmu ya turo ita ce, ya sayi Elden Ring a PS4 saboda yadda ake ta zuzuta shi, yana fitowa fili wani mai doki da sulken zinare ya dinga kashe shi, da ƙyar ya lallaɓa ya kai wajen wani bos Margit, shi ma ya tsare hanya ya hana shi gaba, haushi ya kama shi ya goge gem ɗin gaba ɗaya. Yanzu an kwana biyu yana tunanin ko ya koma, ko kuwa asarar data da lokaci zai sake yi.

Toh ɗan uwa, ka sake saukewa. Amma fa in har yadda ka buga a karon farko haka za ka sake bugawa, gara ka bar datarka, don abin da ya same ka shi zai kuma samunka. Abin da ka ba da labari ba rashin iyawa ba ne, kusan duk wanda na sani da ya ajiye gem ɗin nan a ɗayan wuraren nan biyu ya ajiye shi, ko wajen mai dokin ko wajen Margit, kuma dalilin guda ne: gem ɗin ya nuna maka hanya, kai kuma ka ɗauka dole ce.

Bari in warware maka wannan, don duk sauran maganar a kanta ta tsaya. Kamfanin FromSoftware na Japan, ƙarƙashin Hidetaka Miyazaki, su suka yi Dark Souls a 2011 da Bloodborne a 2015 da Sekiro a 2019, kuma a waɗancan galibi in bos ya tare ka toh ya tare ka, zaɓinka kaɗan ne, sai ka yi ta dukan bango har ya faɗi. Da suka fitar da Elden Ring ranar 25 ga Fabrairun 2022 sai suka buɗe duniyar, gabas da yamma kudu da arewa duk naka ne. Babu wajen zaɓar sauƙi ko wahala a menu, sauƙin yana cikin taswira, wato in nan ya fi ƙarfinka ka juya doki ka tafi wani wajen ka yi ƙarfi ka dawo. Mai dokin nan, Tree Sentinel sunansa, da gangan aka dasa shi a bakin ƙofa don ka koyi wannan tun minti na farko, ba a sa shi don ka kashe shi a lokacin ba. Ana so ka gan shi, ka sha duka sau ɗaya ko biyu, ka gane cewa kewayewa ma wasa ne. Sai kuma hasken zinaren nan da yake fita daga wajen hutawa, wanda ake kira grace, yana nuna maka arewa, ga mutumin nan mai farar fuska Varré ya ce ka bi hasken zuwa fadar Stormveil, kai kuma ka bi da zuciya ɗaya, ka isa gaban Margit da lebul ɗin farawa da takobin da ba a taɓa wasa shi ba. Ai dole ya ci ka. Hasken yana nuna inda labari ya nufa ne, bai ce yau za ka je ba.

Maganar sabin ɗinka na da, goge gem a PS4 ba ya goge shi, yana nan. Amma ni shawarata ka fara sabo. In ka riga ka watsa maki nan ɗaya can biyu, toh ka sani kowane lebul ya fi na bayansa tsada, kuma ba za ka samu damar sake rabon maki ba sai ka kayar da Rennala a Raya Lucaria ka kai mata Larval Tear, wanda yana gaba sosai. Hannunka ma ya manta botin, farawa daga farko zai dawo maka da shi. Cikin aji 10 da ake zaɓa ka ɗauki Vagabond ko Samurai. Vagabond yana farawa da Vigor 15, wato makin da ke ƙara yawan jini, da garkuwar da take tare dukan ƙarfe ɗari bisa ɗari, sai dai kayansa sun yi masa nauyi, ka shiga ka cire doguwar halberd ɗin nan daga hannunsa nan take za ka ga tsallen kaucewarsa ya canja. Samurai kuma yana da uchigatana mai sa abokin gaba zubar jini, ga baka da kibiya. Wretch kam, mai kulki da ɗan kamfai, ka bar wa waɗanda suka gama gem ɗin. A kyautar farawa ka zaɓi Golden Seed, kwalbar magani ɗaya ce ƙari.

Dodon farko mai hannaye da yawa a Chapel of Anticipation an tsara ya kashe ka ne, kar ka damu da shi. Bayan ka farka a kogo akwai rami a gefe kusa da wata fatalwa a zaune kan kujera, ka faɗa ciki, nan ne Cave of Knowledge inda ake koyar da komai, mutane da yawa sun wuce shi ba su sani ba a farkon fitowar gem ɗin. Kana fita fili ka danna L3 ka durƙusa, ka bi ta gefe cikin ciyawa ka bar mai doki da sintirinsa, ka shiga rusasshen cocin da yake gabanka, Church of Elleh. Akwai ɗan kasuwa Kalé a zaune gaban wuta, ka sayi kayan haɗe-haɗe da tocila a wajensa, akwai kuma maƙera a gefe. Daga nan ka miƙe arewa zuwa Gatefront ka zauna a grace, Melina za ta fito ta ba ka abu biyu, ikon ƙara lebul da usur ɗin kiran doki Torrent. A sansanin sojojin da ke wajen akwai dogon dutse da za ka ɗauki taswirar yankin a gindinsa, akwai kuma matakala da ta sauka ƙarƙashin ƙasa, cikin akwatin akwai Whetstone Knife da za ta ba ka damar canja wa makami fasaha.

Yanzu ga abin da nake kyautata zaton ka rasa a karon farko, kuma shi kaɗai yana iya canja maka gem ɗin. Bayan ka karɓi doki ka koma Church of Elleh da daddare. Za ka tarar da wata mai shuɗiyar fata da ƙatuwar malfa zaune kan bango, ta ce sunanta Renna, za ta ba ka ƙararrawar kiran ruhohi da tokar kyarkeci guda uku. Duk inda ka ga wata ƴar alama kamar ƙofa ta bayyana a gefen hagu na allo, kana iya kaɗa ƙararrawar su fito su taya ka faɗa, kuma amfaninsu ba dukan da suke yi ba ne, hankalin bos da suke ɗaukewa ne, ka samu ka sha magani, ka samu ka zagaya bayansa. In ka rasa ta kar ka tada hankali, ana sayar da ƙararrawar a Roundtable Hold, wani zaure da Melina za ta kai ka nan gaba, wajen Twin Maiden Husks. Sannan a hanyar Stormveil akwai wata bukka, Stormhill Shack, wata baiwar Allah Roderika tana zaune ciki cikin baƙin ciki, ka yi ta yi mata magana har sai ta ba ka Spirit Jellyfish, wannan tana da jini da yawa kuma tana tofa guba daga nesa. Za ka ji wasu a intanet suna cewa wai wanda ya kira ruhohi bai ci gem ɗin da gaske ba. Kar ka saurare su wallahi. Waɗanda suka ƙera gem ɗin su suka saka abin, har da tsarin ƙara musu ƙarfi suka yi masa, kuma bos da yawa in ka lura da yadda suke kai hari ba hutawa za ka gane an gina su ne da tunanin ba kai kaɗai ne a filin ba.

Sai maganar maki, nan ne sababbi suka fi cutar kansu. Mutum yana ganin dukansa ba ya tasiri sai ya zuba komai a Strength, alhali a farkon gem ƙarin da Strength ko Dexterity ke yi wa duka ɗan mitsitsi ne, don makamin da ba a wasa ba ba ya cin moriyar makin sosai. Vigor za ka bi. A Vigor 10 jininka 414 ne, a 20 ya zama 652, a 40 ya kai 1450, a 60 kuma 1900, kaga bambancin wanda duka biyu ke kashewa da wanda zai sha huɗu ko biyar yana tsaye, kuma duk daƙiƙar da ka ƙara a raye gaban bos koyo kake yi. Ka sa wa Strength da Dexterity iya abin da makaminka ke buƙata, sauran ka tura Vigor har ya kai 20 zuwa 25 kafin ka koma wa Margit, da ɗan Endurance kaɗan. Ƙarfin duka daga maƙera yake zuwa. Smithing Stone na farko guda 12 ne ke kai makami +3, biyu sai huɗu sai shida, kuma iyakar maƙerar cocin kenan, daga nan sai wajen maƙeri Hewg a Roundtable Hold. Duwatsun suna cikin ramukan haƙar ma'adinai, a taswira za ka gan su kamar baƙin rami mai jan baki, mafi kusa shi ne Limgrave Tunnels a gefen tafkin Agheel. Ka zaɓi makami ɗaya ka zuba masa, kar ka raba duwatsu wa takubba uku.

Ka duba nauyin kayanka kuma. In ya haura kashi 70 cikin 100 na abin da za ka iya ɗauka, tsallen kaucewarka zai zama na mai buhu a baya, a hankali kuma ka daɗe ba ka miƙe ba. Ka tabbata an rubuta Medium Load. Gara ka cire hular ƙarfe da ka yi yawo da Heavy.

Toh ina za ka je in ba Stormveil ba? Kudu. Ka bi titi har gadar Bridge of Sacrifice, ka sukwane kan doki ka wuce masu gadin, ka shiga Weeping Peninsula. Yankin nan ni a ganina shi ne ainihin makarantar gem ɗin, abokan gaba daidai ƙarfin sabon shiga, ƙananan koguna da bos ɗin da za ka iya kayarwa ka ji daɗin kanka, sannan coci uku ne a ciki kowanne da Sacred Tear, wato Church of Pilgrimage da Fourth Church of Marika da Callu Baptismal Church. Sacred Tear yana ƙara yawan jinin da kurɓi ɗaya ke mayar maka, Golden Seed da ake samu gindin ƙananan bishiyoyi masu haske yana ƙara adadin kurɓin, amma ka lura ba sa aiki da kansu, sai ka zauna a grace ka shiga Flasks ka saka su, na ga mutane suna yawo da su a jaka har tsakiyar gem. A can ƙarshen kudu akwai Castle Morne, za ka haɗu da Irina a bakin hanya ta ba ka wasiƙa ka kai wa mahaifinta Edgar, ba zan faɗa maka yadda ta ƙare ba, amma a nan za ka fara gane irin labarin da gem ɗin ke bayarwa. A gabashin Limgrave kuma, wato yankin da ka fara fitowa, a Third Church of Marika akwai wani Sacred Tear ɗin da kwalbar Wondrous Physick.

In kana son makamin da zai raka ka har ƙarshe, kafin gadar Bridge of Sacrifice akwai wani da'irar dutse a kan tudu, Forlorn Hound Evergaol, ciki akwai Darriwil, in ka kayar da shi za ka samu Bloodhound's Fang. Yana buƙatar Strength 18 da Dexterity 17, sai dai in ka riƙe da hannu biyu, wato ka danne triangle ka taɓa R1, ana lissafa Strength ɗinka sau ɗaya da rabi, kaga 12 ma ya isa. Darriwil yana da sauri kuma ba a kiran ruhohi a wajen, amma in ka je dajin Mistwood ka ji kukan kyarkeci a saman kango, ka koma ka tambayi Kalé, zai koya maka ƙyasta yatsa, ka je ka yi a gindin kangon Blaidd zai diro, shi zai taya ka wannan faɗan. Kaga irin abin da nake nufi, babu wata alama a allo da za ta ce maka ka yi haka, kunnenka ne da tambayarka.

Abu biyu ka kiyaye a tafkin Agheel. Akwai dodo mai feshin wuta da yake dirowa, in ya sauko ka gudu, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Sannan a Dragon-Burnt Ruins akwai akwatin tarko a ƙarƙashin ƙasa da yake jefa mutum Sellia Crystal Tunnel a Caelid, yankin jar ƙasa da ya fi ƙarfinka nesa ba kusa ba. In ya riga ya jefa ka, ba faɗa za ka yi ba, ka gangara da gudu ka nemi bakin ramin, ka zauna a grace sannan taswira za ta bar ka ka koma.

Yanzu faɗan kansa. Mu da yawancinmu da gem ɗin ƙwallo da na harbi muka taso, hannu ya saba da danna botin da sauri, toh a nan saurin dannawa shi ke kashe mutum. Koren layin nan na ƙarfi, duk sara da tsalle da tarewa daga cikinsa suke ci, in ya ƙare ka zama gunki. Kuma kaucewa da O ba ta fita lokacin da ka danna, sai lokacin da ka saki, don botin ɗaya ne da gudu, wannan ɗan jinkirin in ba ka san da shi ba za ka yi ta zargin hannun gem ɗinka. A cikin tsallen akwai ɗan lokaci da duka ba ya taɓa ka ko da takobin ya ratsa jikinka, shi ya sa tsalle zuwa cikin saran ya fi tsalle baya, in ka yi baya ƙarshen takobin zai riske ka daidai lokacin da kake miƙewa. In kana da garkuwa, ka tare da L1, kana jin ƙarar ka danna R2, wannan martanin yana karya ƙananan sojoji nan take. Tsalle da X haɗe da R2 shi ma yana girgiza bos, in ka tara masa irinsu za ka ji wata ƙara ya durƙusa, ka matsa gabansa ka danna R1 ka soke shi.

Margit an gina shi ne musamman don ya hukunta mai firgita. Ka kalle shi da kyau in ya ɗaga sandar nan sama, ba ya saukewa nan take, yana riƙewa, yana riƙewa, har sai ka yi tsallenka ka gama sannan ya sauke a kanka. In ka ja baya ka ɗaga kwalba a gabansa zai jefo maka wuƙaƙen haske. In jininsa ya kusa rabi sai ya fito da ƙatuwar guduma ta haske ya yi sama ya faɗo da ita, kuma wannan da ta fi ban tsoro ita ce ta fi ba da dama, don in ka kauce daidai yana ɗaukar lokaci kafin ya dawo daidai, ka samu sara biyu. Biyu fa, ba huɗu ba, kwaɗayin sara na uku shi ya kashe mutane fiye da gudumar. Shigarka ta farko da ta biyu kar ma ka yi niyyar cin nasara, ka yi kamar ɗan damben da ya shiga fage yana zagayawa yana karanta ƙafar abokin karawarsa kafin ya kai hannu, ka ƙirga saransa nawa ne a jere, ina yake tsayawa. Kafin ka shiga ka kashe runes ɗinka, wato kuɗin gem ɗin da suke zubewa in ka mutu, duka a lebul, in ba ka da abin asara a ƙasa zuciyarka ba za ta rabu biyu ba. Runes ɗin da suka zube ka kasa ɗaukowa kuma ka manta da su, abin da kake kuka a kai yanzu nan gaba soja ɗaya zai ba ka.

Akwai taimako kuma. A bakin hazon ƙofarsa akwai rubutun zinare a ƙasa, ka taɓa ka kira Sorcerer Rogier, ga jellyfish ɗinka, kun zama uku. In kana so ka ƙara, a cikin rafin da ya fita daga tafkin Agheel akwai Murkwater Cave, a hanya wani jan mahari Nerijus zai faɗo maka, ka daure ka yi ta kaucewa Yura zai zo ya taimake ka. A cikin kogon ka buɗe akwati, wani mai sanƙo Patches zai far maka, in ka ci rabin jininsa zai roƙi afuwa, ka ƙyale shi, in ka fita ka dawo ya buɗe shago, yana sayar da Margit's Shackle a runes 5,000. Tana danne Margit a ƙasa har sau biyu a zagayen farko. In duk da haka ya ƙi faɗuwa, akwai siririyar hanya ta wajen karyayyiyar gada a gabashin fadar da take kewaye Stormveil gaba ɗaya ta fitar da kai Liurnia, ba tare da ka taɓa Margit ko Godrick mai fadar ba. Great Rune, wato abin da ake samu in an kayar da manyan bos irin su Godrick, biyu kawai ake nema kafin a shiga babban birni Leyndell, ba a ce lallai sai na wane ba.

Ba zan ɓoye maka aibinsa ba don ina son sa. Babu littafin da ke rubuta maka ayyukan da ka karɓa, mutum zai ce maka mu haɗu gaba, bai faɗi ina ba, ka neme shi ka rasa, afdet ɗin Maris 2022 ya ƙara alamar inda ka haɗu da mutane a taswira, ya rage amma bai magance ba, don haka ka ajiye ɗan littafi ko ka duba intanet in ka maƙale, babu abin kunya ciki. Kamara tana haukacewa in dodo ya cika girma a ƙaramin ɗaki, wani lokaci gara ka saki R3 ka juya ta da hannunka. Akwai bos ɗin da za ka yi ta haɗuwa da irinsu har su gundure ka, kuma daga yankin dusar ƙanƙara zuwa gaba wahalar tana tashi sama lokaci guda, wanda bai kai Vigor 40 ba zai sha wuya sosai. Labarin ma ba a zaunar da kai a ba ka shi, yana warwatse cikin bayanin kaya da guntayen maganganu da Turanci irin na da. In abin da kake nema a irin wannan gem shi ne doguwar hira da zaɓin da ke canja labari da abokan tafiya masu surutu, toh gaskiya ba nan ba ne, The Witcher 3 na 2015 yana PS4 kuma yana da zaɓin sauƙi, shi zai fi maka. Cin kyautar gwarzon gem na 2022 da Elden Ring ya yi bai sa ya dace da kowa ba. Akwai jini da halittu masu ban tsoro kuma, ba na kunnawa gaban ƙananan yara ba ne.

Sai abin da ya shafe mu nan gida. Girmansa a PS4 ba kaɗan ba ne, in da faifai ka saya afdet kawai za ka ja, in kuwa saukewa za ka yi ka nemi wajen da ke da wayfay ko ka jira datar dare. Ba ya buƙatar intanet wajen bugawa, kana iya sa shi offline daga menu, abin da za ka rasa saƙonnin da ƴan wasa ke rubutawa a ƙasa ne, waɗanda da yawansu ma yaudara ce, a ce maka ka yi tsalle akwai dukiya ka faɗa rami, da kuma kiran abokai wanda shi sai da PS Plus. Gem ɗin yana sabin da kansa kusan kowane lokaci, wannan yana da kyau, amma yana nufin in NEPA ta ɗauke wuta daidai lokacin da yake rubutawa fayil ɗin na iya lalacewa, don haka ka samu filash ka dinga kwafe sabin ɗinka daga Settings lokaci-lokaci, PS4 tana bari. Ba shi da botin tsayarwa kuma, in ka buɗe menu duniya tana ci gaba da tafiya. In an kira sallah ko an aike ka, ka zauna a grace babu abin da zai taɓa ka, ko ka shiga System ka yi Quit Game, zai ajiye ka daidai inda kake tsaye.

Ka sa wa wannan karon iyaka don kar ya zama azaba. Ka karɓi doki da ƙararrawa, ka share Weeping Peninsula har Castle Morne, ka kai makami +3 ko sama, lebul wajen 25 zuwa 30, ka shiga Mistwood ka nemi wani ɗan gini mai rufin ƙoƙo da ake kira Siofra River Well ka hau lif ɗin da ke ciki, sannan ka koma wa Margit. In ka yi duk wannan ba ka taɓa jin kana son ganin me ke bayan wancan tudun ba, toh ba naka ba ne, ka ajiye da hujja. Kar ka sayi ƙarin Shadow of the Erdtree na Yunin 2024 yanzu, ba ma a shiga sai an kayar da Radahn da Mohg, kuma ya fi ainihin gem ɗin zafi.

In ka koma Margit ya sake tsayar da kai, ka rubuto min lebul ɗinka, Vigor nawa, wane makami kuma + nawa, kwalba nawa kake da su, da ko Medium ne ko Heavy, daga nan za mu gane ko gyaran kaya ne ya rage ko na hannu.